Ranar da 'Yar Dutsi Ta Tsallake Mara Lafiya

Ni dai ban shiga aikin jinya don tausayi ba, gara in faɗa tun da wuri. Babanmu ne ya ga 'yar maƙwabcinmu ta dawo daga makaranta da farar riga ana ce mata Sista, shi ke nan ya yanke cewa ni ma can za ni. Na karanta, na fito, aka tura ni wani ƙaramin asibiti a ƙasar Daura, wanda ba zan faɗi sunansa ba, don har yanzu akwai masu rai cikin waɗanda zan ba da labarinsu. Ɗakin mata aka ba ni, kuma a nan na tsufa.

Lokacin da aka ƙaddamar da shari'a na riga na goge da aiki. Abin da ya canja mana a asibiti ba shi da yawa. An cire mana 'yar hular nan da ake maƙalawa a tsakar ka, aka sauke rigarmu har idon sawu, muka ɗora farin hijabi. An kwashe ma'aikata maza daga ɗakinmu in ban da likita, wanda dama ganinsa sai an taki sa'a. Rediyon dangi masu zaman jinya da a da ba ya rabuwa da kiɗa ya koma wa'azi daga safe har yamma. Halinmu kuwa ba wanda ya taɓa shi, hijabi ya sauka a kansa ya rufe shi ruf.

Wadda ta tsara mana halin nan ita ce shugabar ɗakin, muna ce mata Babbar Sista, a gaban idonta kuma Hajiya. Doguwa ce, mai tsaftar da har take ba mutum haushi. Ba ta taɓa makara ba, ba ta taɓa kuskuren allura ba, kuma a duk zamana da ita ban taɓa jin ta kira mara lafiya da sunanta ba. A bakinta mutum gado ne da ciwo: mai sikarin bakin ƙofa, mai ƙafar nan, tsohuwar kusurwa. Duk sabuwar ma'aikaciyar da aka kawo, huɗubar farko ita ce ta ajiye zuciyarta wajen maigadi, in ta tashi aiki ta karɓa. Yawancinmu mun ajiye, wasu ma har suka yi ritaya ba su koma karɓa ba. Akwai wadda ta mai da ɗakin ma'aikata shagon turaren wuta da atamfa, akwai wadda ba ta magana da kowa sai tsaki. Ni makamina baki ne. Ina yi wa kowa ba'a, har marasa lafiya, in sun yi dariya in wuce, in sun yi kuka ma in wuce.

Kada a ce mun lalace ne kawai don mugunta. Mace biyu ake bari da ɗaki cike, wasu a gado wasu a tabarma, ba safar hannu, ba ruwa a famfo, magani sai an aika waje an sayo. Ka yi wa mutum wahala kwana da kwanaki ya mutu a hannunka, danginsa su bi ka da harara. Wanda ya tashi kuwa likita zai yi wa godiya, likitan da ya gan shi tsaye da hannu a aljihu. A hankali sai aikin ya zama kamar surfe a gidan wani, ka daka ka tafi, ba ka san wa zai ci tuwon ba.

Akwai wata al'ada tamu da ba a koyar da ita a makaranta. Muna da wani labule mai ƙafafu, koren yadi a jikin ƙarfe, da ake turawa. In muka ga mara lafiya ta fara gargara, sai a gungura shi a kewaye gadonta, kowa ta kama gabanta. Dangi sukan ruɗe, su fita neman mazansu ko su tsaya daga nesa suna salati. Mu kuwa muna ɗakin ma'aikata muna jiran jin kuka, sannan a fito da zanen rufa. Mata da yawa sun cika a bayan labulen nan ba kowa a kansu.

Cikin wannan hali aka turo mana wata sabuwar ma'aikaciya daga garin Dutsi. Gajera ce, mai wushirya, in tana dariya duk jikinta ke yi. Tana da miji malamin firamare da jaririya a nono, wadda take bar wa wata maƙwabciya in za ta zo aiki. Ranar farko ta bi gado gado tana gaisuwa, tana tambayar suna da gari, har da ko an samu ruwa a wajensu. Na ce da ita, "Ke 'yar nan, takarar kansila kika fito?" Ta yi dariya ta ce, "Yaya, ai gaisuwa ce kawai." Daga ranar ni ce Yaya, ban kuwa nema ba.

Babbar Sista ta yi mata huɗubar maigadi, ta ce to, ta ci gaba da abin da take yi. Tana zama a gefen gado, abin da aka hana. Tana tsefe wa tsofaffi kai. Ta san wadda akuyarta ta kusa haihuwa a gida, da wadda ɗanta ya tafi cirani bai aiko ba. Na yi mata ba'a har na gaji, ko a jikinta. Gaskiya ta shiga raina, kuma na ji haushin hakan, don ni ban ba kowa izinin shiga ba.

Ran da aka fara gungura labule a gabanta, aka kewaye gadon wata tsohuwa, ta tsaya tana kallonmu muna watsewa. Sai ta ɗaga gefen yadin ta shige. Na leƙa don in ga abin da za ta yi. Ta juya tsohuwar ta fuskanci alƙibla, ta jiƙa auduga tana shafa mata a leɓe, ta sunkuya daidai kunnenta tana maimaita kalmar shahada a hankali, ba tsawa ba gaggawa, har tsohuwar ta motsa baki. Da rai ya yi halinsa ta shafe mata ido ta ɗaure mata haɓa, sannan ta fita ta sami 'yar tsohuwar ta riƙe mata hannu. Daga baya ta gaya min kakarta ce mai wankan gawa a unguwarsu, tun tana ƙarama take riƙe mata buta. Ta ce, "Yaya, ba kyau mutum ya tafi shi kaɗai kamar kaza."

Babbar Sista ba ta hana ta ba. Ta ga an samu mai ɗauke mana aikin da ba wanda yake so. Da an tura labule sai ka ji muryarta daga wannan ƙarshen ɗakin zuwa wancan: "Ina 'yar Dutsi? Gadon kusurwa na jiranki." Ita kuwa ta ajiye abin da take yi ta tafi. Har ya zama ko ba a kira ta ba, in ta ga numfashin mace ya sauya, ta riga kowa zuwa ta zauna.

Abin da ba mu lissafa da shi ba shi ne masu jinya. Suna can gindin darbejiya a bayan ɗakinmu, matan ƙauye daga Zango da Mai'aduwa da tsallaken iyaka, da tabarminsu da murhunsu na dutse, da tsoro fal ciki da lokaci mai yawa. Ba abin da ke wuce su ta taga. Sun ga dai akwai wata Sista mai wushirya, duk gadon da ta zauna a kai aka ja labule, to da makara za a fita. Ba su ga cewa mutuwar ce take kiran ta ba, su a ganinsu ita ke kiran mutuwar. Kuma magana a gindin darbejiya gado ake yi, masu tafiya su bar wa masu zuwa tare da duwatsun murhu.

Ni na fara lura. Na ga uwa ta ja zane ta rufe fuskar ɗanta da 'yar Dutsi ta gifta. Na ga ana tura tafarnuwa ƙarƙashin matashi. Wata rana tana gaba ina baya, na ji wata dattijuwa tana cewa ƙasa-ƙasa, "Kurwata kur, ki ci kanki ki sha baƙin ruwa." Na juya na wanke ta tas, har ta rasa inda za ta sa fuskarta, amma na san ban kashe komai ba. Na ja 'yar Dutsi bayan ɗakin magani na ce, "Ke, kin san mayya ake ce miki a waje?" Ta ƙyalƙyale da dariya, ta ga ban yi ba, sai ta tsaya. Na ce ta bar shiga labulen nan, ta yi yadda kowa yake yi. Ta ce, "To su kuma fa, Yaya? In bar su?" Na ce ta bar su mana, kafin ta zo ma mutuwa suke yi. Washegari aka tura labule, ta shiga.

Na kai wa Babbar Sista maganar ina tsammanin za ta tara masu jinya ta ja musu kunne. Dariya ta yi har da riƙe ciki, ni kuwa ban taɓa ganin haƙoranta haka ba. Ashe ta samu sanda. Dama babban ciwon kanta shi ne 'yan dubiya da ke cika ɗaki har a rasa hanyar wucewa, a yi ta kora ba sa fita. Daga ranar sai ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Ku fita, ko in kira muku mai wushirya." Kafin ka ƙifta ido ɗaki ya zama wayam, har da masu barin takalmi. Sauran ma'aikata suka ɗauka, abin ya zama wasanmu na yau da kullum. Su suna raha ne, amma a gindin darbejiya an ji daga bakin hukuma. 'Yar Dutsi takan yi murmushi in an yi, irin murmushin wanda aka taka wa ƙafa a gidan surukai.

Da damina ta yi nisa, ɗaki ya cika da masu zazzaɓi. Wata safiya aka kawo wata mata daga wani ƙauye bayan Kongolam, a kan babur, an sa ta a tsakiya an ɗaure da rawani don kada ta faɗo. Mai goyo ce, tana sana'ar man gyaɗa, zazzaɓin cizon sauro ya hau mata kai, sai fizge-fizge take tana surutai. Tare da ita akwai uwarta, wata busasshiyar tsohuwa mai idon da ba ya ƙiftawa, sai mijinta da 'yan'uwansa da aka tsayar a waje. Likita ya duba ya rubuta magani a cikin ƙarin ruwa. Jijiya ta ɓuya, kowa ta gwada ta yi tsaki ta bari, 'yar Dutsi ce ta durƙusa ta yi ta lallaɓawa har ta samu. Ruwa ya fara sauka, ta ɗebo tsumma da ruwan sanyi ta zauna a gefen gadon tana goga mata a goshi.

Tsohuwar ta fita ɗora ruwan zafi. Ba ta daɗe a gindin darbejiya ba aka ba ta labari kaf. Ta dawo da sauri, ta tarar da Sista mai wushirya zaune a kan 'yarta. A daidai lokacin mara lafiyar ta buɗe ido, ta ga fuska sunkuye a kanta cikin farin hijabi, ta ƙwalla ƙara: "Ga ta nan! Ki sake ni! Inna, ta danne ni!" Duk wanda ya yi aikin jinya ya ji irin wannan ya fi a ƙirga. Ni an taɓa ce min kura, an taɓa ce min jirgin ƙasa. Amma tsohuwar ta saki kwanon hannunta ta kurma ihu, ta ce an kama kurwar 'yarta, kuma ga 'yar ta nuna da bakinta.

Kafin azahar mutane sun cika bakin ɗakinmu. Mazan suna ƙofa maigadi yana tare su da sanda yana roƙo, mata sun manne da kowace taga. Abin da suke nema ɗaya ne, kuma kowa ya san shi: wadda ta kama ta zo ta tsallake wadda aka kama, kurwa ta koma jikinta. Na fita na tsaya gaban tsohuwar. Na ce, "Inna, kin san abin da kike yi? Ƙazafi ne wannan. Yanzu ba da ba ce, alƙali bulala zai sa a yi miki a bainar jama'a." Ta dube ni ba ko gezau ta ce, "A yi min, 'yar nan. A kai ni a yi min har fata ta sale. Amma ta tsallake tukuna." Na ƙare mata kallo na ga ba ƙarya take ba.

Sai mijin ya ɗaga murya daga ƙofa. Ya ce su ba rigima suka zo yi ba. In ba za a tsallake ba, a cire musu wannan robar daga hannunta, su ɗauki abarsu su tafi, akwai mai magani a garinsu da ya san kan abin. Har ya aiki ƙanensa ya tayar da babur.

Babbar Sista ta kira 'yar Dutsi ɗakin ma'aikata, na bi su ba a gayyace ni ba. Babbar Sista ta zauna ta gyara hijabinta ta ce mata, "Ke mayya ce?"

"A'a, Hajiya."

"To me zai rage ki? Ɗaga ƙafa ne fa. Ki je ki yi mu samu lafiya, ni ba za a fasa min gilashin taga ba."

Na ce, "Hajiya, in ta tsallaka ai ta amsa ke nan. Kin fi ni sanin maganin nan tun safe yake shiga, zuwa gobe matar nan za ta iya farfaɗowa. In ta tashi me za a ce? Ki fita ki gaya musu ƙarya ne, ke ce babba, kuma daga bakinki suka ji."

Ta ce, "Daga bakina? Ni wasa na yi. Wa ya aike ta zama a kan gawa? Tun ranar da ta zo na gaya mata yadda ake aikin nan, ta ga ta fi ni sani. Ke kuma da shegen bakinki, fitar min daga nan."

Ban fita ba. Na juya ga 'yar Dutsi na ce kada ta yarda, ta bi ta ƙofar baya ta tafi gida, in sun so su ɗauki matarsu su kai ta bangon duniya. Na tuna mata da jaririyarta, don kowa ya san abin da ake cewa, maita a nono ake shan ta. Tana tsaye ta jingina da bango. Ta ce, "Yaya, in suka cire ruwan nan suka ɗora ta a babur, za ta kai Kongolam?" Na ci gaba da zancen ƙofar baya. Ta sake tambaya. Na ce ba za ta kai ba. Ta ce, "To."

Aka shimfiɗa tabarma a tsakiyar ɗaki aka sauko da matar. Ƙarfen rataye ruwa bai kai wurin ba, sai ni na riƙe ledar ruwan na ɗaga sama, don ban yarda wani ya fizge ta ba. Tsohuwar ta ce a al'ada sai an tuɓe, ko da hijabin ne a cire. Nan Babbar Sista ta tuna da addini, ta ce ba za a yi tsiraici a ɗakinta ba ana zamanin shari'a, takalmi dai a cire. Tsohuwar ta ce to a kawo ruwa ta kurkure baki a ba mara lafiya ta sha. Babbar Sista ta ce wannan ƙazanta ce, asibiti ne nan ba gidan boka ba. Haka suka yi ta ciniki a kan yarinyar mutane tana tsaye, kamar masu tayin tunkiya, har suka daidaita.

'Yar Dutsi ta zare takalminta ta ajiye su a jere. Ta tattare doguwar rigarta da hannu biyu. Har marasa lafiya sun ɗaga kai daga matashi. Ta ɗaga ƙafa a hankali don kada ta taɓa robar ruwan, ta tsallaka, ta juyo ta sake tsallakawa, tsohuwar tana cewa ƙara, tana ƙarawa, har aka ce ya isa. Ba ta yi kuka ba. Wata mata a taga ta rangaɗa guɗa, wata ta ce, "Kin ga ko musu ba ta yi ba." Da aka mayar da matar gado, 'yar Dutsi ce ta zo ta duba ko allurar ta goce, ta gyara filasta, sannan ta sa takalminta. Babbar Sista ta tafa hannu ta ce kowa ya watse, lokacin raba magani ya yi.

Washegari da hantsi zazzaɓi ya sauka. Matar ta buɗe ido ta nemi kunu, ta tambaya ina ɗanta. Ba ta tuna ko abu ɗaya ba. A duk shekarun da na yi ina aiki, ranar ce kaɗai na ga mara lafiya ta tashi na ji kamar in ɗora hannu a ka. Na tsaya a tsakar ɗaki ina bayani da ƙarfi cewa magani ne, ga ledar, ga sunansa, an ba wance da wance sun tashi ba wanda ya tsallake su. Mata suna gyaɗa kai suna cewa haka ne Sista, Allah ya saka, idonsu kuwa yana kan ƙofar da 'yar Dutsi za ta shigo.

Ranar da aka sallame su tsohuwar ta zo da 'yar ƙwarya cike da ƙwan zabi. Ta sami 'yar Dutsi tana shirya allurai, ta durƙusa har ƙasa a gaban kowa ta ajiye. Ba da gatse ta yi ba, da zuciya ɗaya ta yi, shi ya sa ya fi ciwo. Ta ce, "Mun gode, 'yar nan, da kika sake mana ita. Ba mu riƙe ki da komai ba. Mun san ba ke kika ɗora wa kanki ba, gado ne. An ce kina da goyo, Allah ya sa ita ta fi ki sauƙi." 'Yar Dutsi ta tsaya da sirinji a hannu. Mai turaren wuta ce ta kwashe ƙwan, aka dafa a ɗakin ma'aikata.

Kafin mako ya zagayo gari ya ɗauka. Maƙwabciyar da ke riƙe mata jaririya ta dawo da ita da kayanta, ta ce ciwon baya ya sa ta gaba. Yara suka daina shiga gidansu. In ta aika da abinci maƙwabta, kaji ake zuba wa. Mijinta ya fusata ya ce sai ya kai ƙara gaban alƙali, na ce ni ce shaida ta farko. Ita ta hana. Ta ce wa za a kai, tsohuwar da ta koma ƙauyenta ko garin gaba ɗaya? Kuma alƙali zai tambaya ko ta tsallaka, ta ce e, ya tambaya ko mara lafiya ta tashi, ta ce e. Mutanen da ba su ji ba ma a ranar za su ji.

Ta nemi a sauya mata wurin aiki zuwa ɗakin da ake dafa almakashi da sauran ƙarafa, inda ba mai rai sai tukunya. Babbar Sista ta amince nan take, har ta yabe ta a gabanmu, ta ce yanzu ne yarinyar nan ta zama ma'aikaciya. Ta kuwa zama. Ba ta makara, ba ta kuskure, ba ta gaida kowa. Ta koyi magana ba tare da ta buɗe leɓe sosai ba, har sababbin ma'aikata ba su san tana da wushirya ba. In an rasa hannu aka turo ta ɗakinmu, takan yi allura a tsaye ta wuce, ta kira mace da gadonta da ciwonta. Na taɓa yi mata ba'a irin ta da don in ga ko za ta yi dariya, ta dube ni ta ce, "Akwai wani aiki ne, Yaya?"

Babbar Sista ta yi ritaya da walima da kyautar bargo. 'Yar Dutsi ta ci gaba da dafa ƙarafa. Jaririyar nan ta girma ta zama budurwa mai hankali, ta yi karatu, masu so suna zuwa. Sai a kai maganar gida, iyaye su ce za su yi bincike, daga nan ba a sake jin ɗuriyarsu. Ba wanda ya taɓa faɗin dalili, ba wanda ya buƙaci a faɗa.

Da 'yata ta yi haihuwar fari na aika mata takanas cewa in ba ta zo suna ba ni da ita har abada. Ta zo da la'asar, da 'yar ledar sabulu da rigar jariri, ta zauna can bakin ƙofa. Ɗaki cike da mata, ana ta miƙa jariri hannu zuwa hannu, kowa ta ɗauka ta yi masa addu'a ta ce ga hancin wane. Ina kallo ya zagayo har kan matar da ke kusa da ita, sai matar ta miƙe tsam ta tsallaka da shi wancan ɓangaren, wai kakarsa ta wajen uba ba ta gan shi ba. Raina ya ɓaci. Na tashi na karɓe jikana daga hannun kakar tasa, na ratsa mata ina taka musu zannuwa, na tsaya a gabanta na miƙa mata shi. Na ce da ƙarfi don kowa ya ji, "Karɓi ɗanki ki sa masa albarka."

Ta leƙa fuskarsa, ta daɗe tana kallo. Hannayenta suna cikin hijabi, ba ta fito da su ba.

Ta ce a hankali, "Mayar da shi, Yaya. Damina ce, yara suna yawan zazzaɓi."